Takardar Shaidar Aiki A Ma'aunin Shari'a

 

A wannan mako filin namu zai duba wata 'yar takarda wadda mutane da yawa suka ɗauka sha'anin ofis ce kawai, watau abin da ya shafi akawu da magatakarda, ba ruwan malamai da ita. Takardar kuwa ita ce ta shaidar aiki, wadda ma'aikatar gwamnati ko kamfani ko wani maigida yake ba wanda ke yi masa aiki, ko wanda ya taɓa yi masa, domin a tabbatar wa jama'a cewa lalle wane ya riƙe aiki kaza a wuri kaza, daga ran kaza zuwa ran kaza. Tana da 'yan'uwa: akwai takardar ɗauka, da ta tabbatarwa bayan an gama gwaji, da ta ƙarin girma, da ta sallama ko ritaya. Duk wanda ya taɓa bin sawun fanshonsa, ko ya nemi sabon aiki, ko iznin shiga wata ƙasa, ya san nauyin waɗannan takardu. To, sunanta kaɗai ya isa ya farkar da mu. Shaida aka ce, shaida kuwa babi ne guda a littattafan fiƙihu, mai sharuɗɗa da hukunce-hukunce, da lada ga wanda ya tsayar da ita, da narkon azaba ga wanda ya ɓoye ta ko ya jirkita ta.

Bari mu ɗauki misali daga tsakiyar ƙasar Katsina, yankin Dutsin-Ma da Kurfi. Kusa da Dutsin-Ma ne madatsar ruwa ta Zobe take, a kan kogin Karaduwa. An tsara ta a ƙarshen shekarun 1970, aka gama gininta a 1983, zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, tana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, da nufin noman rani da samar da ruwan sha. Amma kashin farko na babban aikin ruwan shan bai sami buɗewa ba sai a 2021, lokacin Shugaba Muhammadu Buhari. Shekara 38 ke nan a tsakani. Saurayin da ya kama aikin gwamnati a shekarar da aka gama dam ɗin, ƙa'idar shekara 35 ta riske shi tun 2018, ya ajiye aiki shekara uku kafin a yi bikin buɗe famfo. Mutum nawa ne suka zuba guminsu a wannan wuri cikin waɗannan shekaru, tun daga injiniya har birkila da direban babbar mota da makaniki da maigadi da lebura mai ɗaukar kwano? Kuma mutum nawa ne daga cikinsu za su iya fito da takarda a yau su ce ga shaidata? Ma'aikacin hukuma yana da fayil, ko da ƙura ta rufe shi. Shi kuwa leburan ɗan kwangila, al'adar da aka sani a irin waɗannan ayyuka ita ce helma ya kira sunansa da safe, a biya shi a ƙarshen mako ko wata, ranar da aiki ya ƙare kamfani ya naɗe kayansa ya tafi, shi ke nan labarinsa ya ƙare.

Masu fayil ɗin ma ba su tsira gaba ɗaya ba. Malamin makaranta ko malamin asibiti da En'en Katsina ta ɗauka a Kurfi kafin 1976 ya ga iyayen gida iri-iri ba tare da ya gusa daga kujerarsa ba. An rushe En'e a 1976 aka kafa ƙananan hukumomi, Jihar Arewa Ta Tsakiya ta koma Jihar Kaduna a wannan shekara, a 1987 aka yanke Jihar Katsina daga Kaduna, daga baya kuma Kurfi ta sami tata ƙaramar hukumar. Kowane canji daga cikin waɗannan ƙaura ce ga takardu, kowa kuwa ya san ƙaura ba ta rasa ɓarin kaya. Ga gara, ga yoyon damina, ga gobara. A wajen Gwamnatin Tarayya kuma dokar 2004 ta kawo fansho na karo-karo, aka kafa wata hukuma a 2013 don kula da 'yan tsohon tsari, ita kuwa in ta zo tantancewa takardar ɗauka ta farko da ta ƙarin girma na ƙarshe da ta ritaya take nema. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dattijon da ya rasa ɗaya daga ciki, sai ka gan shi da tsohuwar jakarsa a hamata yana bin ofis-ofis, gwauruwar da ya bari kuwa wahalarta ta fi tasa.

Musulunci ya riga kowace dokar ƙwadago yin umurni da rubutu. Ayar da ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma a cikinta aka umurci marubuci ya rubuta da adalci, aka hana shi ƙin rubutawa, aka hana shaidu ƙin zuwa idan an kira su, aka bayyana cewa rubutun shi ya fi tsayar da shaida da kawar da shakka. Mafi yawan malamai sun ɗauki umurnin a matsayin mustahabbi, amma dalilin da aka ambata yana nan daram a kan ma'aikaci, domin lada da garatuti da fansho bashi ne a wuyan wanda aka yi wa aiki, mai ajali sananne. A Suratul Ƙasasi mun ga yadda dattijon Madyana ya ƙulla ijara da Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, aka yanka shekara takwas, in ya cika goma kyautatawa ce daga gare shi, suka sanya Allah wakili a kan abin da suka faɗa. Kafin ƙulla wannan kuwa sai da aka gabatar da shaidar hali, 'yar dattijon ta sifanta shi da ƙarfi da amana, bisa abin da ta gani da idonta a bakin rijiya da kan hanya. Har gobe waɗannan sifofi biyu su ne abin da mai ɗaukar ma'aikaci yake son a gaya masa. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, shi ne ya kafa diwani a zamanin halifancinsa, aka rubuta sunayen masu haƙƙi a baitulmali da rabon kowa. Hatimi ma da ake bugawa a gindin takarda yana da asali, domin ya tabbata a Buhari cewa da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi nufin rubuta wa sarakuna wasiƙu, aka gaya masa ba su karanta wasiƙar da ba hatimi, sai ya sa aka ƙera masa zobe na azurfa.

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta 1974 ta wajabta wa mai ɗaukar lebura ko akawu ya ba shi rubutacciyar takarda kafin wata uku su wuce, mai ɗauke da sunayensu da ranar ɗauka da irin aikin da yadda za a biya. Dokar tana nan, masu aiki da ita ne kaɗan.

Saboda haka maigida ko shugaban ofis da ma'aikacinsa ya nemi shaidar aikin da ya yi na gaskiya, shi kuwa ya hana, don fushi ko don ya ɗaure shi kada ya sami wani wuri, ya shiga cikin waɗanda aya ta 283 ta wannan sura ta yi magana a kansu, inda aka hana ɓoye shaida, aka jingina zunubin ga zuciyar mai ɓoyewa. Yana iya cewa ai na biya shi ladansa kwabo bai yi ciwon kai ba. To, amma shekarun da mutum ya yi yana aiki su ma dukiyarsa ce, da su zai ci abinci a gaba, kuma babu mai iya tabbatar masa da su sai wanda ya yi wa. Haka nan jan rai. A je a dawo, maigida ya yi tafiya, fayil bai fito ba, alhali kuwa kowa ya san abin da ake jira shi ne mai haƙƙi ya sa hannu a aljihu. Annabi ya kira jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci, ya kuma la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa. Malamai sun yi rangwame ga wanda aka matsa wa, ba shi da wata hanya ta kaiwa ga haƙƙinsa sai ya bayar, suka ce laifin yana kan mai karɓa. Wannan rangwame bai wanke akawun da ya zauna a kan fayil ɗin tsoho da komai ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa irin wannan gaisuwa cikin al'adun mulkin zalunci a littafinsa Kitabul Farƙi, ga shi kuwa yau ta sake shigowa da sababbin sunaye.

Ɗaya gefen shi ya fi ba mu tsoro, don mutanen kirki ne suka fi faɗawa cikinsa, kuma da sunan taimako suke faɗawa. Ƙanenka ya zo ya ce, Yaya, a rubuta mini cewa ni ma'aikacin kamfaninka ne, ofishin jakadanci ke nema, ko banki ke nema kafin ya ba ni rance. (Maganar rancen da ruwan da ke kansa sai wani jiƙon.) Ɗan aminin mahaifinka ya yi wata shida a wurinka, yana so a mayar da su shekara uku. Wani ya ga ritaya ta gabato, yana so a gyara ranar da ya kama aiki ko ranar haihuwarsa. Kai kuma kunya ta kama ka, ka ce ai takarda ce kawai, ba wanda aka cuta. Akwai wanda aka cuta, sai dai ba ka ga fuskarsa ba. Shi ne wanda ya yi shekara ukun na gaskiya aka ture shi aka ɗauki mai wata shida. Shi ne saurayin da ya gama Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, yana zaune a gida, domin wanda ya kamata ya tashi daga kujera ya rage wa kansa shekara biyar da alƙalami. Idan kuwa aikin na asibiti ne ko tuƙin mota ko haɗa wayar lantarki, to wanda aka cuta yana iya zama gawa. Ma'aikatan bogi da gwamnatoci ke ta kuka da su, har Gwamnatin Tarayya ta fara biyan albashi ta na'ura daga wuri guda a 2007 don maganinsu, kowane ɗaya daga cikinsu da takardar da wani mai sallah da azumi ya sa wa hannu aka haife shi.

Hadisin Abu Bakrata da ke cikin Buhari da Muslim sananne ne. Annabi yana kishingiɗe yana lissafa mafi girman manyan zunubai, ya ambaci shirka da saɓa wa iyaye, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru don tausaya masa. Malamai sun ce ya yi haka ne saboda mutane sun fi ɗaukar wannan da sauƙi, kuma abubuwan da ke ingiza mutum gare shi suna da yawa. A ƙasarmu kunya da zumunci suna kan gaba cikin masu ingizawar. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta toshe wannan ƙofa, inda ta umurci muminai su tsayar da shaida domin Allah ko da a kan kansu ne ko iyayensu ko danginsu, mawadaci ne ko matalauci. Shi kuma mai cin amfanin takardar, kada ya ce ai hukuma ta karɓa ta buga hatimi. A hadisin Ummu Salama Annabi da kansa ya gargaɗi masu kawo masa ƙara cewa wanda ya fi iya baki har aka yanka masa haƙƙin ɗan'uwansa, yankin wuta aka yanka masa. In hukuncin Annabi bai halatta haram ga maƙaryaci ba, ina ga sa hannun babban sakatare? Muna kuma tunatar da shugabanni cewa ayar bashi ta hana a cutar da marubuci ko mai shaida. Ƙaramin akawun da aka tilasta wa buga ƙarya, aka tsorata shi da canjin wurin aiki zuwa ƙauye, alhakinsa yana kan wanda ya tilasta shi, ko da yake shi ma ya kamata ya san tsoron canjin wuri bai kai uzurin da shari'a ke kira tilas ba.

Akwai mas'ala mai wuya wadda ake yawan tambayar malamai. Ma'aikaci ne aka kama da hannu dumu-dumu aka sallame shi, ya dawo yana neman takarda. A rubuta laifinsa a tona masa asiri, ko a yabe shi a rufa masa? Abin da muke gani shi ne a raba abu biyu. Takardar da ake ba mutum ya riƙe a hannunsa, kowa ya gani, a tsaya a kan abin da ba gardama: ya yi aiki kaza daga ran kaza zuwa ran kaza. Kada a ƙara yabon da ba a yarda da shi ba, kada kuma a rataya masa tambarin da zai bi shi har kabari, wataƙila ya tuba tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma idan wanda zai damƙa masa dukiya ko yara ya zo ya tambaye ka kai tsaye, to nasiha ta wajaba. Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta nemi shawarar Annabi a kan mutum biyu da ke neman aurenta, ya gaya mata aibin kowannensu a taƙaice, kuma daga wannan hadisi ne Imamu Nawawi da wasunsa suka fitar da cewa irin wannan ba ya cikin giba da aka haramta. Sharaɗi dai a faɗi abin da ya tabbata, gwargwadon bukata, ga wanda abin ya shafa, ba don huce haushi ba. Zato da jita-jitar ofis ba su shiga takarda. Wanda aka yi wa ƙazafi kuma yana da haƙƙin ya nemi a wanke shi a fili, kamar yadda Annabi Yusufu ya ƙi fita kurkuku sai da aka binciki maganar matan nan.

Manyan mutane da ake zuwa neman sa hannunsu saboda girman sunansu su ma su yi hattara. An ruwaito cewa wani ya zo gaban Sayyidina Umar zai tsarkake wani mai shaida, Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko ya taɓa tafiya da shi, ko sun taɓa cuɗanya ta kuɗi. Da ya ce a'a ga duka ukun, Umar ya ce masa ashe bai san shi ba. Risala ta Ibnu Abi Zaidin, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta nuna ba a karɓar mutum guda wajen tsarkake mai shaida ko sukarsa. Malamanmu na da ba su ba da ijaza sai ga wanda ya durƙusa gabansu ya karanta. Ganin mutum a sahun farko ranar Juma'a bai isa a rubuta cewa ya iya riƙon kuɗi ba.

Saura wanda ya yi aikin da gaske amma takardarsa ta ƙone ko ta ɓata. Shin ya halatta ya je wajen masu kwamfuta a ƙera masa wata, tun da abin da za ta faɗa gaskiya ne? Amsarmu ita ce a'a. Sa hannun da za a ɗora ƙarya ce aka jingina wa mutumin da bai sa ba, wataƙila ma yana kabari. Gaskiya ne Muhtasar na Halilu ya yarje wa wanda ya sami iko a kan haƙƙinsa ya ɗauka, amma da sharaɗin ya amince wa fitina da zubar da mutunci, mai takardar jabu kuwa bai amince wa ko ɗaya ba: ranar da aka gane, haƙƙin na gaskiya ya tafi, ga kurkuku a gaba. Hanyoyin halal suna nan. Akwai takardun biyan albashi na da, akwai Gazet ta gwamnati inda ake buga naɗin manyan ma'aikata, akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, akwai rantsuwa a gaban kotu. Mazhabarmu ta Malikiyya ta ma shahara da karɓar shaida a kan rubutun hannu, watau a sami waɗanda suka san hannun wane su tabbatar. Abokan aikinsa na da kuwa, kada su jira sai an roƙe su, domin a hadisin da Muslim ya ruwaito an yabi mai kawo shaidarsa tun ba a tambaye shi ba, malamai suka fassara shi da wanda ya san wani haƙƙi da mai shi bai san yana da shaida a kansa ba.

Kada masu karatu su zaci maganar ta tsaya ga gwamnati da kamfanoni. Mai gonar rani a bakin Zobe yana da 'yan ƙodago, mai jirgin kamun kifi yana da yara, mai shago a kasuwar Dutsin-Ma yana da yaron shago, mai mota yana da direba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a wasiƙar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, wadda aka sani da Usulus Siyasa, ya yi masa wasiyya da kula da manoma da maƙera da maɗinka da sauran masu sana'a, domin da su ƙasa ke rayuwa. Mu da ke kusa da masallaci ma akwai namu a ciki: malamin Islamiyya yakan yi shekara ashirin yana koyarwa, ladan yakan tsufa a kan kiran salla, ranar da suka bukaci shaida sai a tarar kwamitin da ya ɗauke su ya watse, ba ko littafin rajista. Ba a bukatar lauya. Warƙa guda ta isa, da boko ko da ajami, a sa sunan ma'aikaci da aikinsa da ranar farawa da abin da aka yanka masa, maigida ya sa hannu, mutum biyu su shaida, kowa ya riƙe kwafi, in an rabu a ƙara ranar rabuwa. Mai takarda kuma ya ɗauki hotonta ya ajiye wani wuri dabam, ya nuna wa iyalinsa inda take.

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba hukuncin garatuti da fanshon mamaci, ko gado ne da za a raba bisa ƙa'idar shari'a, ko kuwa na wanda marigayi ya rubuta sunansa a fayil ne.